Prednisolone ya tayar wa Baba suga, in an rage ciwon ya dawo

Assalamu alaikum. Daga ƙauyen Ringim nake. Hoton CT ya nuna Baba yana da kumburi kewaye da babbar jijiyar jini ta ciki, likita ya ce periaortitis ne, har ya matse bututun fitsarin ƙodar hagu. An saka masa roba a bututun, aka ɗora shi kan prednisolone, maganin rage kumburi. Ciwon ya lafa, amma suga ya hau, fuska ta kumbura, barci ya gagara. Da likita ya rage ƙwayoyin, ciwon kwiɓi ya dawo, ESR (gwajin jini mai nuna kumburi) ya sake tashi. Mun rasa yadda za mu yi.

Don Allah likitoci, mai matsalar ƙoda irin tasa zai iya shan methotrexate, maganin da ke danne garkuwar jiki, don a rage masa prednisolone ɗin?