Tambaya a kan ƙwayar da samari ke kira "ais"

Yaya Babba, Aboabo:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana tuƙa pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya, a nan Kumasi, kuma yau kwana uku ke nan bai runtsa ba, bai taɓa tuwon da nake ajiye masa ba, sai sosa hannu yake yi har ya fitar da jini, wai ƙwari na yawo a ƙarƙashin fatarsa. Abokinsa ya ce mini ais yake sha. Shin wannan wani nau'in taramol ne?

Ma'aikaciyar Jinya, Asawase:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ba taramol ba ne. Taramol dangin maganin kashe ciwo ne, yawansa na kawo gyangyaɗi. Shi kuwa ais sunansa metamfetamin, aikinsa zaburar da ƙwaƙwalwa ta hanyar sa ta kwararo sinadarin dofamin, mai sa jin daɗi, fiye da kima, shi ya sa mai sha yake jin ƙarfi da nishaɗi, barci da yunwa su ɗauke, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Jiki kan ɗauki kimanin sa'o'i 10 kafin ya fitar da rabinsa, alhali hodar iblis kusan sa'a 1 ce. Idan ais ɗin ya saki mai sha zai yi barci mai nauyi, ya tashi cikin ƙunci, kuma wannan ƙuncin ne ke mayar da masu sha gare shi. Sosar da kika gani alama ce sananniya, haka nan bushewar baki, lalacewar haƙora da zargin cewa ana bin mutum.

Malam Mai Ritaya, Nima:
Abin ba sabo ba ne. Wani masani ɗan Japan, Nagai Nagayoshi, shi ya fara haɗa shi a 1893, kuma sojojin Jamus sun sha shi da sunan Pervitin a Yaƙin Duniya na Biyu don kada barci ya ɗauke su. A ganina, abin da aka bai wa sojan nan shi ne yau ake sayar wa direba da ɗan dako.

Ma'aikaciyar Jinya, Asawase:
Gaskiya ne, Malam. Yaya, kada ki yi musu da shi a kan ƙwarin, kada kuma a ɗaure shi, amma ki karɓe makullin pragyar. Ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye, idan kuwa jikinsa ya yi zafi sosai ko ya koka da ciwon ƙirji, ku nufi sashen gaggawa nan take.

Yaya Babba, Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Makullin yana hannuna tun asuba, kawunmu zai zo bayan azahar mu tafi tare.