Wai Soo-ho shahidi ne? Yadda aka kwashe a zauren masu kallon fim ɗin Koriya

Ummi 'Yar Gwale: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ku bar ni in amayar da abin da ke cikina ko na samu barci. Daren jiya na gama fim ɗin Koriyar nan Snowdrop, kashi 16 cif, kowane kashi ya haura awa ɗaya, datar da na saya ta wata ko kwana goma ba ta yi ba. Tun daga gidan shan kofin nan da Yeong-ro ta tare wa Soo-ho tsinken ashanar da yake jerawa kada ya rushe, nake jiran ranar da yaran nan za su huta. Ba su huta ba ko na wuni ɗaya. Ƙarshe sai aka harbe shi yana kare ta da jikinsa, aka bar yarinya da kaset tana jin muryarsa. Wallahi kukan da na yi sai da ƙanwata ta farka a firgice, ta ɗauka rasuwa aka yi mana. Soo-ho dai ya tafi shahidin soyayya, amma marubuciyar nan ba ta kyauta mana ba. Wa ya yarda da ni cewa ƙarshen fim ɗin nan bai yi ba?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Shahidin me, ƙanwata? Ki janye kalmar nan. Shahada ba rigar aro ba ce da za a yafa wa duk wanda ya mutu a fim.

Zee Kaduna: Haba Ummi! Ina kashi na 11 fa. Sau nawa za a ce a daina faɗin ƙarshen fim a zauren nan? Kin ɓata min komai.

Ummi 'Yar Gwale: Yi haƙuri Zee, raina ne a jagule. Yaya Baban Sadik, ai ba shahadar addini nake nufi ba, salon magana ne kawai.

Baban Sadik: Salon magana ma yana da iyaka. Mutumin da Koriya ta Arewa ta turo leƙen asiri, ya yi ƙaryar shi ɗalibi ne daga Berlin, yarinya ta ɓoye shi a ɗakin sama na hostal ɗinsu tana wanke masa rauni, ya dawo ya ɗora mata bindiga a ka. Shi ne shahidi?

Hafsa Blink: Dole aka yi masa! Ka kalli fim ɗin kuwa? Ƙanwarsa tana hannunsu a can Arewa. In ya ƙi bin umarni me kake zaton za a yi mata? Kuma ka dubi idonsa a wurin da ya riƙe bindigar, mutum ne da zuciyarsa ke tsagewa.

Malam Nura: Ni na taɓa jin wani hadisi da ke cewa wanda ya yi so, ya kame kansa, ya ɓoye, har ya mutu, to ya yi shahada. Ƙila a nan Ummi ta samo.

Baban Sadik: Malam Nura, ji kawai ka yi. Malamai da yawa sun ce bai inganta ba, Ibnul Ƙayyim ma ya ce ƙagagge ne. Kuma ko da ya inganta, ina ruwansa da ɗan kwaminis na cikin fim?

Malam Nura: Ban ce ya inganta ba, na ce na ji. Kada ka sa min magana a baki, Alhaji.

Maman Iman: Ni duk ba wannan ne ya hana ni ƙarasa fim ɗin ba. Ina kashi na biyar ko na shida, inda suka kulle ƙofofin hostal suka tara 'yan matan wuri guda da bindigogi, na kashe wayar. Mu nan Zamfara mun san abin da ake nufi da a shiga makarantar 'yan mata da makami. Na ga uwar da ta yi sati tana zaune a ƙofar makaranta ba ta cin abinci. Don Allah ku faɗa min, don mai garkuwar kyakkyawa ne, an sa masa kiɗa mai sanyi a baya, sai ya koma abin tausayi? Ku kira shi duk abin da kuke so, ni mai garkuwa da mutane na gani.

Hafsa Blink: Anti, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, amma ba a haɗa su ba. Soo-ho bai nemi kuɗin fansa ba, kuma shi ya riƙa hana abokin aikinsa taɓa yaran.

Maman Iman: Amin. Amma 'yata, wanda aka tsare ba ya tambayar dalilin mai tsaronsa.

Ɗan Damagaram: Ku ba ni wuri in shigo, don kalmar nan ta shahidi ita ce ainihin abin da ya tada ƙura a Koriyar kanta, ba a nan kaɗai ba. An gina labarin ne a 1987, kuma shekarar nan ba wasa ba ce a wurinsu. Soja ke mulki, Chun Doo-hwan. A watan Janairu na shekarar aka kama wani ɗalibin jami'ar Seoul, Park Jong-chul, aka riƙa danna kansa cikin ruwa wajen tambaya har ya mutu. Hukuma ta fito ta ce wai tebur aka buga, sai ya yi ƙara ya faɗi. A ranar 9 ga Yuni kuma gwangwanin barkonon tsohuwa ya sami wani ɗalibin jami'ar Yonsei, Lee Han-yeol, a ka, ya yi kusan wata a asibiti ya cika. Mutane suka cika tituna har gwamnati ta yarda a yi zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. Waɗannan su ne 'yan Koriya ke girmamawa a matsayin waɗanda suka ba da ransu. To a wancan zamanin, in gwamnati tana son ta gama da ɗalibi, sai ta ce ɗan leƙen asirin Arewa ne. Sharri ne aka yi wa mutane da yawa, wasu sai bayan shekaru kotu ta wanke su. Sai ga fim ya zo ya nuna ɗan leƙen asiri na gaske, ɗalibai mata sun ɓoye shi suna zaton ɗan zanga-zanga ne. Ka ga kamar an ce wa azzalumin, ashe kana da gaskiya. Shi ya sa da aka fara haska shi a gidan talabijin na JTBC ranar 18 ga Disamba 2021, mutum sama da 300,000 suka sa hannu a takardar koke zuwa fadar shugaban ƙasa a dakatar da shi, kamfanoni da dama suka janye tallarsu.

Hafsa Blink: Mahassadan Jisoo, mawaƙiyar da ta fito a Yeong-ro, ne suka shirya wannan. Duk wanda ya san yadda ake yi wa ƙungiyar waƙarsu Blackpink ya san haka.

Ɗan Damagaram: Mutum 300,000 duk mahassada? Har da gidauniyar tunawa da Park Jong-chul da ta fito ta soki fim ɗin?

Sadiya Jos: To ai an kai ƙara kotu a hana haskawa, kotu ta ƙi. Kuma gidan talabijin ɗin ya saki kashi na uku zuwa na biyar kwana uku a jere don mutane su ga inda labarin ya dosa. Wanda ya kalla har ƙarshe ya san ba a wanke hukumar tsaron Koriya ta Kudu da ke farautar 'yan leƙen asiri ba. Uban Yeong-ro ne shugabanta, kuma manyan ƙasar su suka haɗa baki da Arewa don su ci zaɓe, har suna shirin a tashi hostal ɗin da yaran mutane a ciki. Ina wankewa a nan?

Ɗan Damagaram: Manyan an nuna su miyagu, na yarda. Amma jami'in da ke bin sawun Soo-ho fa? An mai da shi mutum mai gaskiya da tsare doka. Hukumar da aka sani da azabtarwa.

Kabiru Injiniya: Gyara kaɗan, Ɗan Damagaram. Park Jong-chul a hannun 'yan sanda ya mutu, a ofishinsu na Namyeong-dong, ba a hannun waccan hukumar ta cikin fim ba. In za a kawo tarihi a kawo shi daidai.

Ɗan Damagaram: Ina na ce ita ta kashe shi? Koma ka karanta. Hukuma na ce.

Kabiru Injiniya: Ka bar shi a dunƙule ne don mai karatu ya ɗauka ita ce.

Ɗan Damagaram: Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, gwamnati ɗaya suke wa aiki. Ni abin da ya sa maganar ke ci min rai, mu ma a Nijar muna da irinta. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito a Yamai, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka mutu, kuma har yau ɗalibai na tunawa da ranar duk shekara. Kawuna yana jami'a a lokacin, in ya zo ba da labarin sai muryarsa ta canza. A ce yau wani ya yi fim ya nuna a cikin masu zanga-zangar nan akwai ɗan leƙen asirin waje da ake ɓoyewa, ya sa masa soyayya, wallahi ba za mu ce ai fim ne kawai ba.

Baban Sadik: To kun ji. Waɗannan in an ce musu shahidai an san dalili. Ba mai kaset ba.

Malam Nura: Alhaji, ɗazu ka ce shahada ba rigar aro ba ce. Yanzu kuma har da ɗaliban Koriya ka yarda?

Baban Sadik: Na Yamai nake nufi. Na Koriya a ce musu gwaraza.

Sadiya Jos: To shi ke nan, a ce wa Soo-ho gwarzon soyayya kowa ya huta.

Maman Iman: Gwarzo ma bai kai ba.

Zee Kaduna: Yanzu kuma kun faɗa min har da shirin tashin hostal. Ni kam me na yi muku?

Aminu Fassara: Ni a fassarar Hausa na kalla, kuma a nawa ganin duk rigimar nan ta masu karanta rubutun Turanci ce a ƙasan allo. Mu mun ji daɗin abinmu.

Kabiru Injiniya: Ai shi ya sa ba ka san me ake ciki ba. Masu fassarar nan rabin maganar daga kansu suke ƙirƙira, in siyasa ta zo sai su cike wurin da barkwanci. Ka ma san a wace shekara labarin ya faru kafin yau?

Aminu Fassara: Sannu Bature. Mahaifiyata da ba ta yi boko ba ta san fim ɗin Jumong ciki da waje, albarkacin masu fassarar da kake rainawa. Ba kowa ne ya zo kallo don ya ci jarrabawa ba.

Kabiru Injiniya: Ban taɓa Hajiya ba, kada ka sako ta.

Hafsa Blink: Ku dai faɗi gaskiya, abin da ke ƙona wa wasu rai shi ne Jisoo ta fito a babbar jaruma karon farko kuma ta yi abin da ba a zata ba. Har kyauta ta karɓa a bikin Seoul International Drama Awards na 2022. Ku kalli wurin da ta gane ko shi wane ne, yadda leɓenta ke rawa ba ta iya magana.

Rukayya Kano: Kuka kawai ta iya, Hafsa. Daga kashi na biyar har ƙarshe hawaye ne. Jung Hae-in da ya fito a Soo-ho ne ya ɗauki fim ɗin a kafaɗarsa, sai Yoo In-na da ta fito a likita. Har yarinyar nan mai ɗaga wayar hostal, Bun-ok, ta fi ta wasa, don ita ce kaɗai na ji kamar in shiga allon in shaƙe.

Hafsa Blink: Ke dama tun zancen mawaƙan BTS na bara kike da ciwon Blackpink. Kowa a zauren nan ya sani.

Rukayya Kano: Ni ko waƙarsu ban sani ba. A taɓa gwanarku sai ku ce hassada.

Anti Balki (shugabar zaure): To ya isa haka, dare ya yi. Na bi maganganun tun daga sama, ga abin da na fahimta. Kalmar shahidi, Ummi ta ce salon magana ne, kuma duk mai adalci ya san haka take nufi, amma saboda Baban Sadik da masu ra'ayinsa a riƙa cewa gwarzo. Yawancinmu mun yarda Soo-ho tilasta masa aka yi kuma ya wanke kansa da abin da ya yi a ƙarshe. Zancen koke da siyasar 1987, mun gode wa Ɗan Damagaram da ƙarin ilimi, amma tunda kotun ƙasarsu ta bar fim ɗin, ba mu ne za mu fi su sanin tarihinsu ba. Jisoo kuwa ta yi ƙoƙari sosai, kyautar da ta karɓa ta isa shaida, kuma daga yau duk wadda ta sake kawo mata suka ba hujja zan cire ta na kwana uku. Zee, ki yi haƙuri, na ja wa kowa kunne.

Ɗan Damagaram: Anti, da girmanki, wane yawanci? Ki ƙirga. Ni da Maman Iman da Baban Sadik ba mu yarda ba, kuma maganar Maman Iman ko ambatonta ba ki yi ba.

Rukayya Kano: Wadda kawai za a cire, ba wanda ba? Na gane da wa ake.

Maman Iman: Ku bar ta, ni dama ba amsa nake nema ba. Sai da safenku.

Ummi 'Yar Gwale: Na janye shahidi, na janye. Amma fisabilillahi tambayata fa? Mutum goma sha ɗaya kun yi magana, ba wanda ya ce min ko ya kamata a kashe shi ko bai kamata ba. Ni har yanzu in na tuna kaset ɗin nan sai ƙirjina ya yi nauyi.