Wace manhaja zan fara zana bod da ita?

Ɗalibi: Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa wata 'yar na'urar auna cajin batirin sola da ESP32 (ƙaramar kwamfuta ce da ake sa wa na'urori), na gaji da wayoyi suna zarewa daga allon gwaji. Ina son in zana bod na kaina, wato allon da'ira da ake bugawa a dasa kayan lantarki a kai. A makaranta Proteus kawai muka taɓa. Ina zan dosa?

Injiniya: Wa'alaikumus salam. KiCad, ba sai mun ja zance ba. Kyauta ce, ba ta ƙayyade maka girman bod, kuma da ka sauke ta shi ke nan, ko babu data kana aikinka. Tun 1992 take, har CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai, ta zuba hannu a gyaranta. Proteus ka bar shi wa gwajin da'ira.

Baba Mai Rediyo: Ni EAGLE na saba da ita.

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara girma, amma kar a ɗora yaro a kan doki mai shirin mutuwa. Kamfanin Autodesk ya sayi EAGLE a 2016, ya kuma sanar zai daina kula da ita a 2026.

Anti Mai Arduino: Ni dai EasyEDA zan ce masa. A burauza take, kuma ɗakin kayanta haɗe yake da LCSC, kamfanin sayar da kayan lantarki, ka zaɓi abu ka ga sawunsa (zanen inda ƙafafunsa za su zauna a bod) da lambarsa nan take, ka tura wa kamfanin JLCPCB su buga. Illarta ɗaya, in ta burauza kake aiki da ita, ranar da netwok ya yi fushi, ka zauna.

Injiniya: Akwai easyeda2kicad, tana kwaso sawun kayan LCSC ta kai maka cikin KiCad. Shafukan SnapEDA (yanzu SnapMagic) da Ultra Librarian ma suna ba da sawun kyauta.

Baba Mai Rediyo: To ku saurara, duk wannan ba shi ne inda ake faɗuwa ba. Sawu ne. Bara na zana bod, na biya kuɗin bugu da na kawowa, na yi makonni ina jira. Da ya iso, na ɗauko rilen (makunnin da lantarki ke sarrafawa) da na saya a kasuwa, ƙafafunsa suka ƙi shiga ramukan. Suna ɗaya, tazara daban. Bod biyar suka zama abin ɗora kofin shayi. Tun daga ranar, sai na fara zuwa Sabon Gari na sayo kayan, sannan in zana. In na gama, in buga zanen a takarda daidai girmansa, in ɗora kowane abu a kan sawunsa in gani da idona.

Anti Mai Arduino: Gaskiya ne Baba. Kuma ƙanena, kar ka zaɓi 'yan mitsi-mitsin kaya masu girman 0402 don ka ga sun yi kyau a allon kwamfuta. Da hannu za ka yi dalma, ka tsaya a 0805 da suka fi su girma, ko masu ƙafa.

Ɗalibi: Idan a gida zan wanke bod ɗin da dutsen guga da ruwan asid fa?

Baba Mai Rediyo: Fuska ɗaya, layuka masu kauri, ka buɗa tazara. Kar ka manta da juya zanen kafin ka buga, in dai a saman bod yake.

Ɗalibi: Na gode ƙwarai. KiCad na sauka yanzu, gobe in sha Allah kasuwa zan fara zuwa.

Injiniya: Ka turo mana zanen kafin ka biya kowa ko sisi.