Abin da masu harkar ƙera ƙananan siffofi suka ce kan gina Normandi ta 1944 a kan tebur

Tambayar ita ce yadda za a gina ƙaramin kwaikwayon filin dagar Normandi, yankin Faransa da aka gwabza a Yaƙin Duniya na Biyu, da ɗan jirgin ƙasa a ciki. Inda aka fi ja-in-ja shi ne ma'auni, wato sau nawa aka rage girman abin gaske: 1:76 na nufin an rage sau 76. Mai son tasha da jirgin ƙasa mai tafiya a tsakiyar filin daga, dole jirginsa da tankokinsa su yi daidai da juna. Mafi yawa sun ce a haɗa jirgi mai ma'aunin 1:76, wanda ake kira OO, da sojoji da motocin 1:72, don ido ba ya kama bambancin. Sojojin 1:35 sun fi fito da fuska da kaki, amma kusa da jirgi mai ma'aunin 1:87, wanda ake kira HO, sai su zama ƙattai. Ni ma ra'ayina ke nan.

Kan girma baki ya zo ɗaya: a yi shi gunduwa-gunduwa a kan katako, yadda kowane yanki zai wuce ta ƙofa. A fara shimfiɗa layin dogo, a gwada jirgin har sai ya daina sauka daga kan layi, kafin a ɗora tudu ko ɗaya.

Ana sassaƙa tuddai da farin soson kwali, a shafe da filasta. Fentin feshi yakan narkar da soson, sai a yi amfani da na ruwa. Shawarar da ta fi burge ni ita ce kan ƙasar da za a shimfiɗa: a tankaɗe ta da rariya, a busar, a bi ta da maganaɗisu, don ɓurɓushin ƙarfe kan shige injin jirgin.

Wasu sun tuna cewa jiragen saman dakarun ƙawance sun yi ta ruwan bama-bamai kan layukan dogon Faransa kafin 6 ga Yuni, 1944, ranar da dakarun suka sauka a Normandi. Saboda haka a bar ramuka kusa da tasha, da lanƙwasasshen dogo a layin gefe.