Yaron da ke cewa "eh" ga kowace tambaya: a hukunta shi kamar kowa?

Zauren Matasan Tudun Wada, Zariya

Baban Khadija: Jama'a, wanda ba mahaukaci ba, shari'a ta hau kansa kamar kowa. In aka ce a sassauta wa masu raunin basira ko otizim (larurar da ke wahalar da mu'amala da mutane), gobe kowane ɓarawon waya a Sabon Gari zai zama dolo a gaban alƙali.

Maman Abba: Baban Khadija, ka taɓa zama da irin yaran nan? Ɗan yayata ya haura ashirin. Ka ce masa "kai ka ɗauki wayar?" zai ce eh. Ka ce "ba kai ba ne ko?" nan ma eh. So yake a daina yi masa tsawa ya koma gida. In an tsare shi da ido sai ya kau da kai, ya hau jijjiga jiki, wani lokacin har da dariya. Wanda bai san shi ba cewa zai yi raina kotu yake. Da wannan "eh" ɗin za a ɗaure mutum?

Malam Na Ƙofar Doka: Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci, yaro, da mahaukaci. Malaman fiƙihu kuma sun yi magana a kan ma'atuhi, wanda hankalinsa bai cika ba, da yawa suka ba shi hukuncin yaro mai wayo.

Baban Khadija: Allah gafarta Malam, to wanda aka yi wa satar fa? Haƙƙinsa ya tafi ke nan?

Malam Na Ƙofar Doka: A'a. Ramuwar dukiya tana nan, waliyyinsa ya biya daga abin da yaron ya mallaka. Haddi ne ake tunkuɗewa da shubuha.

Ɗalibar Kongo: Yaya, tsoron da kake ji doka ta riga ta toshe shi. Sashe na 51 na Penal Code, wato dokar laifuka ta Arewa, yana kare wanda, saboda taɓin hankali a lokacin da ya aikata abin, bai san me yake yi ba, ko bai san laifi ba ne. Ba da baki ake yarda ba, yawanci sai likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi, a asibitin Shika ko na Barnawa. Dokar ACJA ta 2015, mai tsara yadda ake shari'ar laifuka, ma ta ce in alƙali ya ga wanda ake tuhuma ba zai iya kare kansa ba saboda taɓin hankali, ya tsayar da shari'a likita ya gwada shi. Abin da ke ƙona min rai shi ne, yawancinsu ba su da lauyan da zai nemi hakan, sai su yi ta zaman jiran shari'a a gidan gyaran hali.

Baban Khadija: In likita ne zai tantance, ban ƙi ba. Amma mai otizim da ya gama jami'a, ban yarda a ɗaga masa ƙafa ba.

Maman Abba: Ko shi, a bari wani nasa ya zauna kusa da shi lokacin da 'yan sanda ke ɗaukar bayani, a karanta masa abin da aka rubuta kafin ya dangwala.