Me za mu kira “flashbulb memory” da Hausa?

1/ Assalamu alaikum, 'yan uwa masu fassara. Kwana uku ke nan wannan kalma ta hana ni sakat. Masana halayyar ɗan Adam Roger Brown da James Kulik ne suka ƙirƙiro ta a 1977, suna nufin yadda mutum ke riƙe lokacin da wani mugun labari ya riske shi: yana ina, wa ya faɗa masa, me yake yi. Su kisan shugaban Amurka Kennedy na 1963 suka fi dubawa. Mu kuwa, tambayi dattijo Juma'ar da aka kashe Murtala, 13 ga Fabrairu 1976, zai faɗa maka har rigar da ke jikinsa.

2/ Wata malama ta kawo “hoton zuci”. Yana da daɗin faɗi, amma ban karɓa ba, domin hoto ba ya sauyawa, shi kuwa wannan abu yana sauyawa.

3/ Ga hujjata. Washegarin tarwatsewar kumbon Challenger a Janairun 1986, Ulric Neisser ya sa ɗalibansa na jami'ar Emory a Amurka suka rubuta yadda suka ji labarin. Bayan kusan shekara uku aka sake tambayar 44 daga cikinsu. Mutum 11 ba su dace da komai a abin da suka rubuta da farko ba, sun sauya wuri, sun sauya wanda ya ba su labarin. Abin da ya fi taɓa ni, ba ƙarya suke yi ba, da yawansu cike suke da yaƙini. Har an nuna musu rubutun hannunsu, amma tsohon tunin bai dawo ba.

4/ “Tunin walƙiya” kuma ya bi Turancin sawu da ƙafa (“flashbulb” fitilar ɗaukar hoto ce mai walƙiya), ya kwaso kuskurensa na kamanta abin da hoto.

5/ Ni dai na tsaya a kan “tabon labari”. Tabo ba ya barin jiki, kana iya ɗora yatsa a kansa ko a duhu. Amma tabon da ka samu kana ɗan shekara bakwai ba haka yake ba yau, ya miƙe, ya dushe, ya girma tare da fata, kai kuma ba ka ga ranar da ya sauya ba.

6/ Wani malami ya ce to labarin farin ciki fa, shi ma tabo ne? Gaskiyarsa, nan ne raunin kalmar. Malamai, wanda ke da wadda za ta ɗauki duka biyun ya kawo, kafin nan da wannan zan ci gaba da aiki.