Karena ya ƙi abinci, fitsarinsa ya koma kamar shayi

Mai Tumaki, Garin Malam:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da kare, Zaki sunansa, shekararsa uku a gidana. Shi ke kwana bakin turken tumakina. Kafin ya zo, raguna biyu aka kwance mini ana saura mako guda Layya, amma tun zuwansa ko igiya ba a ƙara ɗauka ba. Yau kwana huɗu ke nan ya ƙi abinci. Ɗumamen da a da kafin a dire kwano ya lashe, yanzu sai ya sansana ya kau da kai. Ya shige ƙarƙashin amalanke ya kwanta, numfashi sama-sama, jiki zafi rau. Jiya da safe na ga fitsarinsa, ja wur mai duhu kamar shayin farko. Na ɗaga kunnensa, kaska ce cike, wasu sun ƙoshi sun kai ƙwayar wake. Na ba shi rabin paracetamol sau biyu, ban ga sauƙi ba. Maƙwabcina ya ce in sayo allurar shanu a kasuwa in yi masa, amma hankalina bai kwanta ba. Wanda ya sani ya taimaka mini don Allah.

Ma'aikacin Kiwo:

Wa alaikumus salam. Malam, ku dakatar da paracetamol yau yau. Hantar kare ba ta ɗaukarsa kamar ta mutum, yana lalata ta, yana kuma ɓata jini, ga shi jinin ne ma ke ciwo. Ibuprofen ya fi shi muni, ciki yake ƙwaƙulewa ya taɓa ƙoda.

Ku ɗaga leɓensa ku dubi dasashi. Na lafiyayyen kare ja-ja ne. In kun gan shi fari fat ko ya yi rawaya, ga zazzaɓi, ga wannan fitsari, ga kaska, to abin da na fi zato shi ne ciwon kaska. Wata ƙwayar cuta ce kaskar ke zubawa a jini, tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, abin da ya fashe shi ke rina fitsarin. Akwai kuma wata irin da kaska ke kawowa wadda maganinta doxycycline ne na kwana 28, shi ya sa ake so a duba kafin a ba da magani.

Allurar da maƙwabcinku ke nufi diminazene ce, wadda ake yi wa shanu don sammore. Tana aiki a kan ciwon kaska, gaskiya ne, amma a jikin kare tsakanin magani da guba taku ɗaya ne. In ta ɗan wuce kima ko aka maimaita ta, ƙwaƙwalwa take taɓawa, kare ya yi ta tangaɗi ya mutu. Sai an auna nauyinsa. Ku ɗora shi a amalanken nan ku kai shi wurin likitan dabbobi da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Kafin nan, inuwa da ruwa mai sanyi a gabansa.

Kaskar kuwa, ku kama ta daf da fata ku ja a hankali, kada ku ƙona ta, kada ku murje ta da yatsa. Irin wannan kaska a tsagar katanga take ɓuya, mace ɗaya na zuba dubban ƙwai. In ba a yi feshi a makwancinsa an lilliƙe tsagogin ba, bayan wata guda kun koma gidan jiya.

Maman Biyu, Birni:

Allah ya ba shi lafiya. Ni abin da ya same ni daban ne, amma bari in faɗa ko wani zai amfana. Bara aka ba yarana ƴan kwikwiyo biyu, watansu biyu. Ɗaya ya fara amai, sai zawo da jini mai warin da ba na mantawa. Kwana uku ya mutu, ɗan uwansa ya bi shi. Likita ya ce parvo ne, kuma cutar na zama a ƙasa watanni, amma ruwan jabel na kashe ta. Rigakafi ake fara musu tun suna mako 6 zuwa 8, a maimaita har su kai wata huɗu. Ban sani ba a lokacin. Autana ya yi kwana biyu ba ya cin abinci saboda baƙin ciki.

Tsohon Mafarauci, Mirya:

Ɗana, ka ji maganar ma'aikacin nan. Ni tambaya ɗaya gare ni: an taɓa yi masa allurar haukan kare? In ba a yi ba, idan ya warke ka yi masa, kuma kowace shekara. Yanzu da yake ciwo ka hana yara taɓa bakinsa. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a wuce asibiti ranar, ba a jira, don in alamar ta fito ba ta da magani. Masu cewa kare ne kawai, su tuna mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Mai Tumaki, Garin Malam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba dasashin da fitila, fari ne kamar auduga. Da asuba na kai shi. An auna shi, kilo 17, an yi masa allura, an ba ni ƙwayoyi da maganin wanka. Likitan ya yi mini faɗa kan paracetamol, na karɓa. Da yamman nan ya sha romo, ya ɗan kaɗa wutsiya da ya ji kukan tumaki. Baba, ba a taɓa yi masa ta haukan ba, an ce in mayar da shi in ya murmure. Gobe ni da yarona za mu kwaɓa ƙasa mu bi katangar turken.